Jirgin faiba ko na alminiyam: wanne za ka saya in jan mutane a ruwa kake so

Masu tunanin buɗe wajen shaƙatawa a bakin dam sun fara yawa, kuma tambayar da suke yi kusan ɗaya ce, wai in mutum zai sayi ƙaramin jirgi mai inji don jan yara a kan tiyub ko jan mai zamiya da allon ƙafa, faiba (wato wanda aka yi da zaren gilas da gam) zai ɗauka ko alminiyam. To malam kafin ka tambayi kuɗi, fara zuwa ka kalli ruwan da za ka saka jirgin, kuma ka je a watan Afrilu ba a Agusta ba. Ruwan Galma ko na Kubanni a Zariya da ka gani cike da damina ba shi za ka tarar da rani ba, yana ja baya sosai, duwatsu da kututture su matso sama, ga ragar masunta a ko'ina.

Wannan shi ne abu na farko da ke raba su. Alminiyam in ya daki dutse loɓawa yake yi, ka ci gaba da tafiya, daga baya a buga a gyara. Faiba kuwa tsagewa yake, kuma in ruwa ya samu hanya ya shiga katakon da ke bayan jirgin inda ake ɗaure inji, a hankali zai ruɓe ba ka sani ba sai ranar da injin ya fara rawa. In na hannu za ka saya ka kama ƙafar injin ka jijjiga da ƙarfi, in bangon bayan ya motsa ko ka ga tsaga kusa da kusoshi, ka bar musu kayansu ko nawa suka rage.

Amma fa in zancen jan mai zamiya ne na gaske, faiba ya fi, wannan ba gardama. Yana da nauyi, saboda haka in wanda ake ja ya kwanta gefe ya finciki igiya jirgin ba ya karkacewa, shi kuwa ƙaramin alminiyam ƙato ɗaya zai iya jan bayansa gefe direba ya yi ta kokawa da sitiyari. Kuma da yake a mazubi ake zuba faiba, ana iya fitar da ƙasansa yadda zai bar ruwa a kwance a bayansa, abin da mai zamiya ke so kenan. Shi ya sa kamfanonin Amurka da suka yi suna a wannan harka irin su Nautique da MasterCraft da Malibu duk faiba suke yi, injinsu a cikin jirgi, farfela a ƙarƙashi. Wasan ma can ya samo asali, Ralph Samuelson ne ya fara shi a 1922 a jihar Minnesota. Sai dai irin waɗannan jiragen, ruwa mai zurfi suke so, farfelarsu ba ta ɗagawa, a ruwanmu na rani asara kawai za ka yi.

Tiyub shi ba ruwansa da duk wannan iyayin. Gudun kilomita 25 zuwa 30 a awa ya ishi babba, yara ƙanana kuwa ka rage sosai, ƙasa da 20. Alminiyam mai tsawon ƙafa 16 zuwa 18 da injin rataye, wato wanda ake maƙalawa a bayan jirgi, zai yi aikin lafiya lau, shan mansa bai kai na faiba ba tunda ba nauyi, kuma mota madaidaiciya za ta ja shi a tirela ba sai ka nemi Hilux ba. Ka nemi wanda aka yi wa walda, ba mai ribit ba, wato wanda aka haɗa da ƙusoshin matsewa, don ribit yana saki da jijjiga ya fara yoyo. Sannan ka shimfiɗa masa kafet ko roba a ƙasa, wallahi ranar Zariya in ta daki alminiyam da azahar kamar tanda yake, yaro ba takalmi ba zai iya takawa ba.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne inji. A sayi jirgi mai kyau a maƙala masa ɗan inji mai ƙarfin doki 40 wai don tsimin mai, sai a zo tayar da babban mutum daga cikin ruwa inji ya yi ta kuka mutum yana shan ruwa. In har da zamiya a lissafinka kar ka sauko ƙasa da doki 70, 90 ya fi kwanciyar hankali, amma duba ɗan ƙarfen da ke manne a jirgin wanda ya faɗi iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka, kar ka wuce shi.

Batun gyara kuma ka yi bincike tun kafin ka biya. Waldar alminiyam ba ta kowane mai walda ba ce, sai mai na'urar gas ɗin argon wanda ya saba, ka zaga Sabon Gari ka tabbatar akwai wanda zai iya. Faiba kuwa masu gyaran bamba da gam da zare suna iya toshe ƙaramin rami, amma rana na cinye fentinsa, dole rumfa ko tamfol.

Ko wanne ka ɗauka, igiyar ta zama ta ja ce ta asali ba ta rijiya ba, ta zamiya mita 23 ce, ta tiyub ta ɗan fi gajarta, kuma a ɗaure ta a zobban ƙarfe biyu na bayan jirgi. Mutum biyu a jirgi dole, direba ido gaba, ɗayan yana kallon wanda ake ja. Kowa da rigar kariya ko da ya rantse ya iya ruwa, kuma a kashe inji kafin wanda ya faɗi ya matso kusa da farfela. Dam ɗin da ake shan ruwansa ba a saka jirgi mai fetur sai da izinin masu kula da shi, sannan ka tuntuɓi NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, kan rajistar jirgin kafin ka fara karɓar kuɗin mutane.