Yadda Za Ka Kai Kukanka Majalisar Birtaniya Kan Rage Tallafin Naƙasassu

Da zarar ƙudurin rage tallafin naƙasassu ya shiga majalisar dokokin Birtaniya, ka fara da gano ɗan majalisar mazaɓarka ta hanyar shigar da lambar gidan waya ta unguwarku a shafin majalisar. Ka sanya cikakken adireshinka a wasiƙar, domin bisa al'ada ɗan majalisa ba ya amsa wa wanda ba ɗan mazaɓarsa ba.

Lokaci yana da muhimmanci. Ka rubuta kafin karatu na biyu, inda ake kaɗa ƙuri'a kan ginshiƙin ƙudurin, ko a matakin kwamiti, inda ake yi masa gyara.

A ganina, ƙarfin wasiƙa yana cikin bayanin rayuwarka ta yau da kullum. Ka faɗi abin da kuɗin PIP, wato tallafin da gwamnati ke bai wa naƙasassu, ke biya maka: mai taimaka maka wajen wanka da sa tufafi, motar zuwa asibiti, ko wutar na'urar da kake dogaro da ita. Sannan ka ambaci sashen ƙudurin da kake ƙi, ka nemi ɗan majalisar ya bayyana yadda zai jefa ƙuri'arsa.

Wannan hanya tana tasiri. A 2025 gwamnati ta so gindaya sharaɗin samun aƙalla maki 4 a fanni guda na hidimar yau da kullum a gwajin cancantar karɓar PIP, amma da 'yan majalisar jam'iyyar Leba fiye da 120 suka yi tirjiya, sai ta janye shi. Idan amsa ta yi jinkiri, ka nemi ganin ɗan majalisarka ido da ido a zaman sauraron jama'a da yake yi a mazaɓa.