Yadda Ake Zaɓen Lasifikun Sinimar Gida

1. Fara da auna falonka. Idan bai da girma sosai, tsarin 5.1 ya wadatar: lasifika biyar da sabwufa ɗaya mai fitar da sauti mai kauri (bass). Tsarin 7.1, mai lasifika bakwai da sabwufa ɗaya, yana buƙatar fili a bayan kujera, in kuwa kujerar ta jingine da bango, kuɗin kawai za ka zubar.

2. Ka fi mai da hankali kan lasifikar tsakiya, domin mafi yawan maganar 'yan wasa daga nan take fita. Idan ta yi rauni, za ka riƙa ƙara murya lokacin hira, kana ragewa da sauri idan mota ta fashe a fim ɗin, har uwargida ta leƙo daga ɗaki. A shago, ka sa a kunna maka fim mai yawan magana, ka saurara da kyau.

3. Duba watt na RMS, wato ainihin ƙarfin da lasifika ke iya aiki da shi a kai a kai. Lambar PMPO (ƙololuwar ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan) da ake rangaɗawa a jikin kwali, dubu kaza, ado ce kawai.

4. Tabbatar amfilifaya da talabijin suna da ramin HDMI ARC, wanda ke kai sautin talabijin zuwa amfilifaya, ko sabon samfurinsa eARC idan kana son cikakken ingancin Dolby Atmos, tsarin da ke sa ka ji sauti har daga sama.

5. Karanta bayan na'urar. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na 120V ne, wutarmu kuwa 230V ce, don haka ka zaɓi wanda ya dace da wutarmu. Ka kuma haɗa da sitabilaiza, saboda yadda wuta ke hawa da sauka.

6. Lasifikun baya a ajiye su gefe da ɗan baya, sama kaɗan da kunnen mai zaune.