Yadda za ka tafiyar da sukolashif na hidimar al'umma a makaranta ba tare da ya mutu a shekara ta biyu ba

A baki dai abin ba wuya: makaranta ta ɗauke wa ɗalibi wani kaso na kuɗin karatu ko ta riƙa ba shi alawus, shi kuma duk sati ya fita ya yi wa mutanen da ke kewaye da makarantar aiki na wasu awoyi, koyar da yara ne, taimako a ƙaramin asibiti ne, gidan marayu ne, ko ma dai mene ne ake buƙata. Amma duk wanda aka taɓa ɗora wa wannan aikin ya san ranar ƙaddamarwa da hotuna ba su ne shirin ba, shirin yana farawa ne a sati na shida, lokacin da tes ya fara matsowa, ɗalibai suka fara ɓacewa, wurin da ka tura su kuma ya fara kiranka a waya.

Kafin ka buga fom ko ɗaya, ka zauna ka yanke shawara a kan wa ake yi wa shirin. Ni a ganina na ɗalibin da ba shi da hali ne, wanda in da babu shirin, awoyin nan da kake nema a wurinsa zai je ya yi wani aikin ne da su don ya biya kuɗin makaranta. In ka fahimci wannan, sauran abubuwa da yawa za su warware da kansu. Misali kuɗin da za ka ba shi, dole ya kai aƙalla abin da zai samu in da aikin kuɗi ya je ya yi a waɗannan awoyin, in ba haka ba kana cewa talaka ya yi asara kenan don ya yi hidima, kuma ba zai daɗe ba zai gudu, waɗanda za su rage maka su ne 'ya'yan masu hali da ke son abin rubutawa a takardar neman aiki. Ba laifi ba ne su ma su yi hidima, amma ba sai an biya su ba.

Ba sabon abu ba ne kuma, akwai inda za ka leƙa ka ga yadda aka yi. A Amurka akwai shirin Bonner da aka fara a 1990 a kwalejin Berea da ke jihar Kentucky, ɗalibi yana yin kamar awa 10 a sati tsawon shekara huɗu na karatunsa, kuma masu buƙatar tallafi ake nufi da shi tun farko. Akwai AmeriCorps, shirin hidimar al'umma na gwamnatin Amurka da aka kafa a 1993, can mai cikakken lokaci awa 1,700 yake yi kafin ya samu kuɗin karatunsa, akwai kuma ƙaramin zango na awa 300 wanda ya fi dacewa da mai zuwa lakca. Har ma a tsarin gwamnatin ƙasar na biyan ɗalibai su yi aiki suna karatu, doka ta ce makaranta ta kashe aƙalla kashi 7 cikin ɗari na kuɗin a ayyukan hidimar al'umma. Ba wai ka kwafa su kai tsaye ba, amma lambar nan ta awa 10 ka riƙe ta. Awa 10 sau sati 14 na semista, awa 140 kenan. In ka ga kwasa-kwasan makarantarku masu nauyi ne, ka sauko zuwa 6 ko 8, babu wanda zai kama ka.

Sai lissafin kuɗi, kuma nan ne yawancin shirye-shiryen ke karyewa. Mutum ya samu mai ba da tallafi, murna ta ɗebe shi ya ɗauki ɗalibi 40 a shekarar farko. Toh shekara ta biyu fa? Waɗancan 40 ɗin suna nan ba su gama ba, ga sabbi suna jiran fom. In za ka riƙa ɗaukar 10 duk shekara a kwas na shekara huɗu, ka sani a shekara ta huɗu mutum 40 kake biya lokaci guda, don haka lissafinka na 40 ne tun ranar farko, ba na 10 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa mai tallafin ya rubuta a takarda cewa duk ɗalibin da aka ɗauka za a riƙe shi har ya gama, ko da an daina ɗaukar sabbi, domin babu cin amana kamar ka yanke wa yaro tallafi yana aji uku.

Kuma ba duk kuɗin ne zai tafi aljihun ɗalibai ba. Akwai kuɗin mota zuwa wurin aiki, wanda in ba ka ware shi daban ba zai cinye alawus ɗin gaba ɗaya, akwai na horo, akwai inshora in makarantarku na da wannan tsarin, sannan akwai albashin kodineta, wato mai tafiyar da shirin. Wannan na ƙarshen shi mutane ke rainawa. Sai a ɗauki malamin da dama lakcoci sun yi masa yawa a ce ya “riƙa duba” shirin, alhali aiki ne na mutum guda sukutum, mai ofis da lambar waya da ɗalibai suka san za a ɗauka. In kuɗin bai kai a biya kodineta ba, gara ka rage yawan ɗaliban.

Yanzu wuraren da za a tura su. Kar ka zauna a ofis ka ƙirƙiro wa mutane matsalarsu, ka taka da ƙafarka ka je, ka tambayi shugabar makarantar firamare ko mai kula da gidan tsofaffi me suke nema wanda ɗalibi zai iya yi a awa uku na yamma. Amsar takan ba ka mamaki. Kai kana tunanin koyar da kwamfuta, ita kuma abin da ya dame ta yara 12 ne a aji huɗu da har yanzu ba sa iya haɗa baƙi, tana son wanda zai zauna da su biyu-biyu. Ka tambaye su kuma mutum nawa za su iya ɗauka, domin ɗalibi ma nauyi ne, sai an nuna masa aiki an sa masa ido, ƙaramar ƙungiya mai ma'aikaci uku in ka jibge mata ɗalibi 15 ka ƙara mata aiki ne kawai, za su wuni suna latsa waya a baranda.

Kowane wuri ku yi 'yar yarjejeniya a rubuce, shafi ɗaya ya isa. Me ɗalibi zai yi, me ba zai yi ba, wa ke sa masa hannu, ranakun da za a zo, da kuma satukan da ba za a zo ba. Wannan na satukan hutu da jarrabawa ka faɗa musu tun farkon semista ka ba su kalandar makaranta a hannu, domin su ba su san lokacin da kuke jarrabawa ba, abin da kawai za su gani shi ne ranar Talata yara sun jera littattafai suna jira, malaminsu bai zo ba, kuma bai zo sati mai zuwa ba. Sau biyu aka yi haka yaran sun daina zuwa, wurin ma ya daina yarda da ku. Abin da ba zai yi ba ɗin ma ka rubuta shi ɓaro-ɓaro: ɗalibi ba ya ba da magani, ba ya riƙe kuɗin ƙungiya, ba ya maye gurbin ma'aikacin da ake biya albashi. In ka ga wani wuri ya sallami mai aikinsa saboda ya samu ɗalibanku kyauta, ka janye su.

Gara wurare kaɗan da za ku daɗe tare da su. Ɗalibi ya zauna wuri ɗaya aƙalla shekara guda, in ya yi biyu ko uku ma ya fi, shekarar farko yana koyon aiki, ta biyu ya san sunan kowa, ta uku shi ke karɓar sabbin ɗalibai ya nuna musu hanya, kai kuma aikinka ya ragu.

Wajen zaɓen ɗalibai, fom ya zama gajere. Bayanin halin da gida ke ciki, sakamakon karatu daidai gwargwado ba sai na ɗaya a aji ba, da tambaya ɗaya ko biyu. Kar ka ce sai mai satifiket na aikin sa kai, domin yarinyar da ta shekara biyar tana jinyar kakarta ko tana koya wa ƙannenta karatu ba wanda ya ba ta satifiket, kuma ta fi da yawa daga masu satifiket ɗin sanin hidima. A intabiyu ka tambaye ta yadda satinta yake tafiya, yaushe take lakca, yaushe take da sarari, ina take kwana, wannan ya fi “me ya sa kike son taimakon al'umma” amfani nesa ba kusa ba, kowa ya haddace amsar waccan. Kwamitin zaɓe ya zama aƙalla mutum uku, ɗaya daga ofishin harkokin ɗalibai, ɗaya malami, ɗaya kuma daga wuraren da ake tura ɗaliban, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a haɗu. Za a kira ka a waya neman alfarma, wannan kam babu makawa, amma in maki uku ne a rubuce kana da abin nunawa, ka ce ba ni kaɗai ba ne.

Kafin kowa ya fita, horo na kwana ɗaya ko biyu. Mafi muhimmanci a ciki dokar aiki da yara da marasa lafiya: ba a keɓewa da yaro a ɗaki a rufe ƙofa, ba a karɓar lambar wayarsa, ba a ɗaukar hoton kowa a watsa a Facebook ko WhatsApp ba da izini ba, sirrin da ka ji a wurin aiki a can yake tsayawa, in kuma yaro ya faɗa maka ana cutar da shi ga wanda za ka sanar a ranar. Ɗaliban su ma a kare su, a tura su biyu-biyu, a dawo kafin dare, kuma su san in wani a wurin aikin ya takura musu za su iya faɗa a canza musu wuri ba tare da tallafinsu ya taɓu ba.

Takardar awoyi. Kwanan wata, lokacin zuwa, lokacin tashi, layi ɗaya na abin da aka yi, sa hannun mai kula da shi a wurin aikin. A kawo ta duk sati biyu, kar ka bari sai ƙarshen semista, domin in ka bari za a kawo maka takarda mai layi 28 duk da biro ɗaya, rubutu iri ɗaya, ko lanƙwasa babu a jikinta, kai ma ka san a daren jiya aka cike ta. Fom na intanet ma yana yi in mai kula zai iya tabbatarwa ta wayarsa. Amma duk da haka takarda ba ta maye gurbin ziyara, kodineta ya riƙa faɗawa wuraren ba sanarwa ko sau biyu ne a semista, ya tsaya minti 20 ya gani da idonsa. Kuma kar awoyi su zama su ne komai, akwai mai cika 140 cif yana zaune a kan benci, akwai mai 120 da yara ke tambayar ina yake in bai zo ba, shi ya sa kake buƙatar ɗan rahoton mai kula a ƙarshen semista, tambaya uku kawai, kar ka gajiyar da shi.

Biyan kuɗi kuma a kan lokaci, wannan ba abin wasa ba ne. Ka je ofishin kuɗi na makaranta tun kafin a buɗe rajista ku daidaita, sunayen ɗalibanka su shiga kafin a rufe, kar yaro ya yi hidimar wata uku sannan a hana shi shiga jarrabawa wai bai biya ba. In alawus ne a raba shi wata-wata ko kashi uku a semista. Kai da ka makara da kuɗinsa wata biyu, da wane baki za ka yi masa faɗan ya makara minti 30?

Wanda ya gaza cika awoyi fa? Za a samu, kowace shekara. Ka rubuta matakan tun farko kowa ya sa hannu: magana ta farko a ofis, sai gargaɗi a rubuce da damar ramawa a semista mai zuwa ko lokacin hutu, sai dakatarwa in abin ya ƙi. Amma ka fara da tambayarsa me ya faru, sau da yawa rashin lafiya ne ko rasuwa a gida ko an canza masa lokacin lakca, kuma wanda makinsa ya fara zubewa rage masa awoyi ake yi na ɗan lokaci, don karatun ne ya kawo shi. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a ce ya dawo da kuɗin da aka riga aka biya masa, ɗalibin da ba shi da hali ina zai samo? Ka tsayar da na gaba kawai.

Sau ɗaya a wata ku haɗu gaba ɗaya na awa guda, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya dame shi. A nan za ka ji wurin da ba a ba su aiki, da wurin da ake aiken su sayayya. Ka ƙirga musu wannan awar cikin awoyinsu, in ba haka ba ba za su zo ba.

Ƙarshen shekara ka rubuta wa mai tallafi da shugabannin makaranta rahoto shafi biyu: mutum nawa aka ɗauka, nawa suka ci gaba da karatu, awa nawa aka yi, me wuraren suka ce, har da abin da bai yi ba, masu ba da kuɗi sun fi yarda da rahoton da ke da matsala ɗaya ko biyu a ciki. Duk yarjejeniyoyi, lambobin masu kula, kalandar biya da takardun maki a ajiye su a fayil na ofis da imel na ofis, ba a wayar kodineta ba, domin ana canza wa mutane wurin aiki, kuma wanda zai gaje shi ya kamata ya iya buɗe fayil ɗin ranar Litinin ya san wa zai kira ranar Talata.