Yadda na gyara wa Baba cokali

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, yatsunsa na dama ba sa iya damƙe siririn abu. Fate da kunu sai an ba shi a baki, shi kuwa abin yana ƙona masa rai.

Matsalar tana mariƙin cokali. Na yanko guntun tiyon ruwa, na zura mariƙin a ciki, na nannaɗe da robar tayar keke har ya yi kauri kamar ƙotar fartanya. Sannan na kai wa maƙeri ya ɗan lanƙwasa wuyan cokalin zuwa hagu, don ya isa baki ba tare da an murɗa wuyan hannu ba. Wannan lanƙwasar ce ta fi komai amfani.

Kwano kuwa zamewa yake yi a kan tire, sai na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa. A kasuwar Ƙofar Wambai na samo kofin roba mai hannu biyu. Rabi muke zuba masa.

Likitar gashin ƙashi ta ja kunnenmu cewa a zaune sosai zai riƙa ci, saboda ƙwarewa.