Yadda ake yi wa sunan yanki rajista, daga inabin gaɓar teku zuwa alkakin Damagaram

A gaɓar tekun Fasifik, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai yankunan noman inabi da hukuma ta amince da sunayensu, irin su Sonoma Coast da Central Coast. Giyar da ake yi da inabin haramun ce a gare mu, amma hanyar da manoman suka bi wajen kare sunan yankinsu tana da amfani ga masu alkaki da majeman Damagaram.

Abu na farko shi ne a kawo hujjar da ta bambanta wurin da maƙwabtansa. Hujjar masu inabin ita ce hazo da iska mai sanyi da ke tasowa daga teku, waɗanda ke sa inabi ya nuna sannu a hankali ba tare da ya rasa tsaminsa ba. Mai alkaki kuwa sai ta bayyana irin alkamar da take ɓarzawa, da tsawon lokacin da kwaɓin ke ɗauka kafin ya tashi, da yadda take tsoma shi cikin zuma ko sukari bayan suya.

Daga nan sai a shata iyaka a kan taswira. A Amurka, kafin a rubuta sunan yanki a jikin kwalba, dole kashi 85 cikin ɗari na inabin ya fito daga cikinsa. Faransa, wadda ta kafa nata tsarin a 1935, ta fi tsanani, domin har irin inabin da za a shuka da yawan amfanin kowace eka sai da ta ƙayyade.

Namu tsarin ya fi kama da na Faransa. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, mai hedikwata a Yawunde, wadda ta yi wa barkonon Penja na Kamaru rajista a 2013, ta kuma yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi daga baya. Sunan na masu sana'ar ne baki ɗaya, saboda haka sai su kafa ƙungiya, su rubuta kundin ƙa'idojin aiki, su miƙa shi ta ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai.

A ganina kundin nan ne ya fi wuya, domin kowace gwana tana ganin hannunta ya fi, kuma sai an zauna da tsofaffin masu sana'ar kafin a tsayar da magana ɗaya. Bayan rajista, ƙungiyar za ta naɗa masu zagayawa gida-gida da kasuwa, su hana sunan ga duk wanda ya saɓa wa kundin.