Yadda ake gashin ragon layya da rabon nama a Yamai

Tun kwana biyu kafin salla ka tanadi itace da sandunan gashi, kar ka bari sai ranar, don a jajibiri kuɗinsu tashi yake kamar na raguna a kasuwar dabbobi ta Turaku. Kowane rago sanda biyu masu ƙwari, a fiƙe bakinsu.

Ranar salla in an sauko idi a jira liman ya yanka nashi tukuna. In an feɗe a fidda kayan ciki a miƙa ma mata cikin gida, hanta da huhu da tumbi su ake fara soyawa, su ne abincin ranar. Shi kuma ragon a buɗe shi a soke da sandunan nan a gicciye, a shafa gishiri, a jingina kewaye da wuta. Nan mutane ke kuskure wallahi, sai su matso da nama bakin harshen wuta don sauri, waje ya ƙone ciki ɗanye, washegari cinya ta fara wari. Zafi ake so ya ratsa shi sannu sannu tun hantsi har magariba, a fara da wajen cikin, can a juya baya, ana shafa mishi kitse. Shi ya sa gara ku haɗa wuta guda da maƙwabta a ƙofar gida, itace ya fi auki kuma akwai masu tsaro. Da dare a rataye shi inda iska ke shiga, ban da rufewa cikin leda.

Washegari ne rabo, kuma ni a wurina nan ne sallar take. Kafin a ɗauki wuƙa maigida da uwargida su zauna su lissafa gidajen kartiye da ba su samu yin layya ba, gidan marayu, tsohuwar da ɗiyanta ke ƙasashen bakin ruwa wajen nema, mai gadi, almajiran da ke wanke-wanke, a fidda nasu tun farko kuma a sa tsoka a ciki, kar a tara musu ƙashi da jijiya. Sannan na surukai da iyaye, galibi cinya ko kafaɗa. A zuba cikin kwano mai murfi, a aiki yaro mai hankali ya yi sallama ya ce in ji baba barka da salla, kar a tsaya ƙofa ana kiran suna kowa na ji. Mahauci kuɗinshi daban, ba a biyan shi da naman layya ko fata.

Abin da ya rage a yanka ƙanana a soya cikin kitsenshi har ruwan ya ƙone ƙaf, don da zafin nan da ɗaukewar kuran, firigo ba abin dogaro ba ne. Ya huce sarai kafin a rufe, a riƙa ɗiba da cokali busasshe, sai ya kai watanni ana jefa shi a miya.