Ci da motsa jiki bayan aikin rage tumbi, ga mai zaune a ƙauye

Takardar da ake ba mutum ranar sallama bayan aikin rage tumbi, mutanen birni aka rubuta wa ita. Wadda na dawo da ita daga Alƙahira cike take da garin furotin (sinadarin gina jiki) na gwangwani da cuku iri-iri, abubuwan da ko a kasuwar Ringim sai an sha nema, balle a ƙauyenmu. Ni malamar firamare ce, ciwon sukari da ciwon gwiwa ne suka kai ni ga aikin, wanda ake yi don rage ƙiba. Tun da na dawo mata suke aiko mini da tambaya, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda ake bin ƙa'idar nan da abin da ke cikin rumbunmu da kasuwarmu. Da mace nake magana, amma namijin da aka yi wa aikin shi ma ya ɗauka. Inda maganata ta saɓa da ta likitanki, bi tasa.

Fara da sanin abin da aka yi miki. A aikin da likitoci ke kira silib, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siririn yanki mai siffar ayaba, wanda da farko ba ya ɗaukar fiye da rabin kofin shayi. A wani aikin kuma, wanda suke kira baifas, 'yar jaka ake warewa a saman tumbi, wadda ba ta wuce mililita 30 ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Ko wanne aka yi miki, akwai ɗinki a ciki da ke neman wajen mako shida kafin ya kama sosai.

Saboda ɗinkin nan, mako biyun farko ruwa-ruwa ne zalla. Romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man sama, kindirmo da aka burge ya tsinke, madarar waken suya, kunun gyaɗa tsararo ba sukari. Koko ba laifi, sai dai ba ya gina jiki, don haka ki zuba masa cokali biyu na madarar gari. Kindirmon ya zama na madarar da aka dafa. In ba ki tabbata ba, sayi ɗanyar madara ki tafasa ki kwantar da kanki. Mako na uku da na huɗu sai abin da aka dame ya yi sumul: faten wake da aka surfe aka cire ɓawon, alala mai taushi, kabewa, kifin da aka tsince ƙayarsa aka murje. Mako na biyar da na shida, abin da cokali zai iya latsewa ba wahala, irin ƙwai, naman kaza da ya dahu luguf, ganyen zogale da ya sha wuta. Daga nan ne ake komawa abincin gida, iri ɗaya a rana, don in wani ya ƙi ki, ki gane shi.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi wannan rubutu. A gidajenmu tuwo shi ne abinci, miya rakiya take yi masa, nama kuwa yanka ɗaya ne a ƙarshe in an samu. Bayan aikin nan sai an juya tsarin gaba ɗaya. Abin da ke cikin miya shi ne abincinki: kifin, naman, waken, ganyen. Shi za ki fara ci. Tuwo ne zai zo ƙarshe, loma ɗaya ko biyu, in da sauran wuri. Dalili kuwa, jikinki na bukatar giram 60 zuwa 80 na furotin kullum don ɗinki ya warke kuma tsoka kada ta zube tare da kitse, ga shi wurin da za a zuba abincin ɗan kaɗan ne. In tuwo ya riga shiga, ya cinye wurin.

Ana iya cika lissafin nan ba tare da gwangwani ko ɗaya ba. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin kindirmo, wajen 8. Tarwaɗa ko karfasa gwargwadon tafin hannunki, wajen 20. Ludayin dafaffen wake, wajen 8. Ni da safe ƙwai biyu nake ci, da hantsi kofin kindirmo, da rana kifi a miyar kuɓewa, da la'asar awara ko alala, da dare wake ko ɗan naman kaza. Mu da ke kusa da kogin Haɗeja Allah ya hore mana kifi, ɗanye da banda. Awara kuwa na yi magana da mai yin ta a unguwarmu, tana ware mini tawa kafin ta jefa a mai, in yanka ta cikin miya. Ta fi nama araha nesa ba kusa ba.

Akwai wata matsala ta tuwo kuma: mun saba haɗiye shi ba tauna. Sabon tumbin ba ya karɓar haka. Loma babba za ta tsaya miki a ƙahon zuci, yawu ya riƙa taruwa a baki, ƙarshe amai. Ki yi loma ƙarama kamar ta yaye, ki tauna ta kamar sau ashirin ko da tuwo ne, ki ajiye hannu tsakanin loma da loma. Cin ya ɗauke ki minti 20 zuwa 30, abin da ya rage a ɗauke. Ƙoshi ma ya sauya kama. Wata shaƙuwa ce ke zuwa mata, wata gyatsa, wata hancinta ne ke tsiyaya. Da kin ji naki, tsaya. Tuwon shinkafa, burodi, taliya da waina suna cuɗewa su toshe, ki jinkirta su. Kilishi, tsire da ganda sai bayan watanni. Masu zare irin rake, goruba da mangwaron gargajiya, tsotse ki tofar.

Duk wannan ba ya yiwuwa a kwano ɗaya da mutane. A kwanon taro hannu bin hannu yake yi, ba ki san nawa kika ci ba, kuma sauri dole ne. Nemi ɗan ƙaramin kwanonki, ki zauna tare da kowa amma ki ci naki. Tun da wuri ki yi wa mai gida da uwar miji da abokiyar zama bayani, don kada a ɗauka raina girki ne ko fushi. A gidan biki ko suna za ki ji, "Haba Malama, ci mana, ko ba ki da lafiya ne?" Ni cewa nake, "Alhamdu lillahi, likita ne ya ƙayyade mini, a ƙulle mini in kai wa yara." Ban taɓa ganin wadda ta ji haushin wannan amsa ba.

Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, tunda kowace rabin lita ce. Kurɓa ake yi, ba kwankwaɗa ba, daga safe har dare. Kada ki haɗa shi da abinci: dakata da sha minti 30 kafin ci, ki kuma jira minti 30 bayansa, don ruwa ko dai ya cika wurin ko ya kore abincin da wuri yunwa ta dawo. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Jigawa kan haura digiri 40, kuma ke ba ki da halin rama ƙishirwa da moɗa guda. Gorarki ta bi ki ko'ina. In fitsari ya yi ja kuma ya ragu, kin gaza. Lemon kwalba mai gas ki yi sallama da shi.

Sukari ya fi tuwo haɗari, domin shi ba ya tsayawa. Zoɓo mai zaƙi, kunun zaƙi, shayi mai madarar ruwa da sukari, duk wucewa suke salin alin. Ga wadda aka yi wa baifas musamman, in zaƙi ya afka hanji da yawa lokaci guda, cikin minti 10 zuwa 30 za ta ji zuciya na bugawa, gumi, jiri, murɗar ciki da gudawa. Wani lokaci sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jini ya faɗi, jiki ya hau rawa. A ganina fura ce babbar jarrabawarmu. Mace za ta ce ba ta cin komai, alhali ƙwarya guda tana gefenta tana kurɓa tun hantsi, ƙiba kuwa ta hanyar nan take dawowa. In za ki sha, nonon ya yi yawa, furar ɗan gutsure, sukari babu.

Ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa ne, ko kin ji garau. Akwai na haɗaka da ake sha kullum. Akwai kalsiyam, miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana, a raba shi kashi biyu ko uku, tare da bitamin D. Akwai maganin ƙarin jini, wanda mace mai al'ada ta fi kowa bukata. A bar awa biyu tsakaninsa da kalsiyam, kuma kada a kora shi da shayi, don suna hana jiki ɗaukarsa. Sai bitamin B12, ƙwaya ko allura, yadda likita ya tsara. Kemis ɗin ƙauye ba kasafai yake da su ba, don haka duk shigata Kano na wata uku nake sayowa. Gwajin jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan shekara-shekara. Ni Asibitin Malam Aminu Kano nake zuwa. Zubar gashi tsakanin wata na uku da na shida abu ne da aka sani, yana tsayawa in furotin ya wadata.

A kemis ki yi hattara da haɗin ciwon jiki da ake ƙullowa a leda. Yawanci akwai ibuprofen, diclofenac, piroxicam ko asfirin a ciki, waɗanda ke iya haddasa gyambo a sabon tumbi har ya zubar da jini. Farasitamol ne naki. Jiƙe-jiƙe, tsimi da ruwan kanwa ki ajiye su sai kin tambayi likita. In kina shan maganin sukari ko na hawan jini, a sake duba adadinsa tun makonnin farko, saboda bukatarki na raguwa da sauri kuma tsohon adadin zai iya kayar da ke.

Motsa jiki tun a asibiti yake farawa, don tafiya ke hana jini daskarewa a ƙafa. A jirgi da motar dawowa gida ma ki riƙa miƙewa kina takawa. Amma har mako shida kada ki ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Daka, surfe, jan guga, faskare, goyon yaro, duk a ba wani. In ruku'u da sujada suna ja miki ciki, yi sallarki a zaune. Wannan hutu ba son jiki ba ne; wadda ta yi gaggawa tana iya samun ƙaba a wurin yankan.

Bayan nan, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Fara da minti goma ki riƙa ƙarawa, sannu ba ta hana zuwa. Matan da ba sa fita, tsakar gida ta isa: zagaya ta bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, da kuma bayan la'asar. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya magana amma ba za ki iya jan dogon karatu ba. Kai-komon girki da shara ba ya maye gurbin wannan. Kwana biyu a mako ki ba tsoka aiki: tashi-zauna daga kujera sau goma, tura bango da hannuwa, ɗaga gorar ruwa sama da kai. Daka da aka hana ki a baya yanzu ta zama magani, koma mata a hankali.

Azumi a shekarar farko yawancin likitoci hanawa suke, don ba ki iya shan ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba, kuma Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame. Ranar da aka ba ki izini, buɗe baki da kurɓin ruwa da dabino ɗaya, yi sallah, sannan ki ci furotin. Kunu da ƙosai a tashi ɗaya ba naki ba ne. Juna biyu kuma a jira wata 12 zuwa 18. Haihuwa kan buɗe da zarar nauyi ya fara sauka, har ga wadda ta daɗe tana nema, kuma bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ba abin dogaro ba ce. Ku je asibiti ke da mai gida a zaɓa muku wata hanyar.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: zuciya na bugawa sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, ƙafa ɗaya ta kumbura, baƙin bayan gida, ko kasa riƙe ko da ruwa. Aman da ya ƙi tsayawa yana ƙarar da bitamin B1 cikin mako biyu zuwa uku, sai ki ga mutum yana ruɗewa, yana gani biyu-biyu, yana tangaɗi. A ƙauye nan da nan za a ce iska ce. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota kan hanyar babban asibiti, Dutse ko Birnin Kudu ko Kano, wanda ya fi kusa. Ki ajiye lambar direban da zai iya fitowa da dare, kuma takardar da ke ɗauke da sunan aikin da aka yi miki ta zauna a jakarki, mai gida da babban ɗanki su san inda take, don likitan da zai karɓe ki ya gan ta kafin ya ba ki komai.